FILIN GONA DA LAMBU: Zanzaron Ƙasa Da Buzuzu Mafarauci, Wanne Za A Bari A Gona?

 

A wannan wata za mu ɗan jingine zancen taki da iri, domin mu duba wata wasiƙa da wani malamin makaranta ya aiko mana daga arewa. Ya ce gardama ce ta kaure tsakanin ɗalibansa a kan wasu ƙwari biyu da suka gani a lambun makaranta. Ɗaya wani baƙin zanzaro ne babba mai sheƙi, wanda suka tarar da rana tsaka yana jan gizo-gizon da ya fi shi girma. Ɗayan kuwa wani baƙin ƙwaro ne mai dogayen ƙafafu da suka samu a ƙarƙashin dutse, da ganin haske ya zura da gudu. Su yaran so suke su san wanda zai ka da wani in an haɗa su faɗa. Shi kuwa malam tambayarsa ita ce, ko ya sa a zo a fesa magani tun kafin su cuci ɗan wani. To, tambayar yara ta fi daɗin amsawa, amma ta malam ita ce ta shafi rumbun kowa, saboda haka za mu ɗauke su duka biyu.

Da farko sai mu raba tsakanin zanzaro da zanzaro. Wanda kowa ya sani shi ne na ɗaki, mai siririn ƙugu, wanda daga gare shi ne muka sami kalmar da muke faɗa wa ɗan makaranta idan ya cusa riga cikin wando. Shi ne ke ɗebo laka yana gini a jikin bango ko bayan ƙofa, kuma duk wanda ya taɓa fasa gidansa yana yaro ya san abin da ke ciki: ƙananan gizo-gizo cunkushe, ko kuma tsutsotsi, gwargwadon irin maginin. Wanda ɗaliban nan suka gani ba shi ba ne. Danginsa dabam ne, masana suna kiransu Pompilidae, kuma an ƙidaya iri wajen 5,000 a duniya. Akasarinsu rami suke tonawa a ƙasa, shi ya sa a nan za mu kira shi zanzaron ƙasa. Ba shi da wuyar ganewa. Ƙafafunsa dogaye ne masu ƙaya-ƙaya, ya fi son tafiya a ƙasa da tashi sama, kuma ba ya tsayawa wuri guda, sai ka ga yana sauri yana kaɗa fukafukai, yana leƙa kowane tsagi da kowane rami kamar matar da ta ɓatar da ɗan kunne. Manyan na nan Afirka baƙaƙe ne, fukafukan wasu shuɗi-shuɗi, na wasu kuma ruwan goro.

Duk wanda aka gani yana wannan sintiri, to mace ce. Namiji ba shi da ƙarin harbi ko kaɗan, domin shi ƙarin asalinsa bututun saka ƙwai ne da ya rikiɗa ya zama makami, don haka aikin namiji bai wuce shan ruwan zaƙin furanni da jiran mata ba. Ita ma macen ruwan furen ne babban abincinta. Watau duk wahalar da take sha a kan gizo-gizo ba don cikinta take yi ba.

Mu Hausawa mun tashi da tatsuniyar Gizo mai wayo, maƙwabtanmu Asante kuma suna da Ananse nasu, wanda ba a taɓa cin nasara a kansa sai da kyar. To, a fili ga wadda ta fi ƙarfin wayonsa. Idan ta gano shi, ko dai ta bi shi har cikin raminsa, ko ta tsokane shi ya fito. Shi kuwa yana da dafi, yana da fiƙoƙi biyu, sau da yawa ma ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Sai ta yi ta kewaya shi tana ja da baya, har ta sami sa'a ta lanƙwasa cikinta ta ƙarƙashinsa, ta soka masa ƙari daidai wurin da jijiyoyin ƙafafunsa suka tattaru. Nan take ƙafafun su saki. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Henri Fabre, wanda ya rayu daga 1823 zuwa 1915, ya shafe shekaru masu yawa a kudancin Faransa yana zaune a rana yana kallon irin wannan kokawa. Ya rubuta cewa ya ga wadda ta fara harbin gizo-gizo a baki domin ta kashe ƙarfin fiƙoƙin, sa'an nan ta sake harbinsa a ƙirji. Kazalika ya ƙwace wanda aka harba ya ajiye a gida, ya ga ya yi makonni bai ruɓe ba, bai kuma tashi ba.

A nan ne hikimar take, a nan ne kuma abin tausayin yake. Gizo-gizon bai mutu ba, jikinsa ne kawai ya shanye. Ita uwar ba ta da gishiri, ba ta da firji, ba ta iya kilishi ba, ga shi kuwa ɗan da za ta haifa ɗanyen nama yake bukata har na kwanaki. A zafin ƙasarmu mataccen gizo-gizo kwana biyu ya ishe shi ya lalace. Saboda haka sai ta bar shi da ransa. Takan kama shi ta riƙa ja da baya da baya, ta haye tsakuwa ta ratsa ciyawa, wani lokaci ta ajiye shi ta koma ta duba hanya. Wasu irin sukan rataye shi a kan ɗan tsiro yayin da suke tono, don gudun kada tururuwa su yi musu sata. Wasu kuma sukan gutsure masa ƙafafu don kayan su yi sauƙin ɗauka. In ta kai shi ƙuryar rami sai ta manna ƙwai guda ɗaya tak a jikin cikinsa, ta fito ta mayar da ƙasa, ta daddaɓe ta da ƙarshen jikinta, ta tafi abinta. Ita da ɗan nan ba za su taɓa ganin juna ba.

Bayan 'yan kwanaki tsutsa ta ƙyanƙyashe ta soma ci. Ba ta fara taɓa sassan da ran gizo-gizon ya rataya a kansu, sai ta bar su zuwa ƙarshe, don naman ya daɗe bai ɓaci ba. In ta cinye sai ta saƙa wa kanta 'yar jaka ta kwanta, daga bisani ta fito cikakken zanzaro. Bugu da ƙari, uwar ce ke zaɓen ko mace za ta haifa ko namiji, kuma an lura takan ba wa 'ya mace babban gizo-gizo, ɗa namiji kuwa ƙarami, tunda macen ce za ta yi kokawa nan gaba. Ko a cikinsu ma akwai 'yan cin bulus. Wasu irin ba sa farauta sam, sai su laɓe har wata ta gama wahala, su lallaɓa su saka nasu ƙwan a jikin abin da ta kamo.

Game da harbinta ga mutum, gaskiya ba wasa ba ne. Wani masani Ba'amurke, Justin Schmidt, wanda ya rasu a 2023, ya sha harbin ƙwari iri-iri a wajen aikinsa, har ya tsara ma'aunin zafin harbi daga 1 zuwa 4. Manyan 'yan'uwan wannan zanzaro na ƙasashen Amurka, waɗanda tsawonsu kan kai santimita 5, a mataki na 4 ya ajiye su, alhali ƙudan zuma tana mataki na 2. Sai dai zafin ba ya daɗewa, cikin minti biyar ko makamancin haka ya lafa, kuma dafin ba mai illa sosai ba ne ga jikin ɗan Adam. Abu mafi muhimmanci ga malam shi ne, wannan ba rina ba ce. Rina tana da gida da jama'a, in ka taɓa ɗaya sai gayya ta taso maka. Zanzaron ƙasa kuwa ita kaɗai take rayuwarta, ba ta da gidan da za ta tsare, ba ta kuma bin mutum. Sai an kama ta da hannu ko an taka ta ba takalmi take harbi.

Yanzu sai mu koma ga wanda aka samu ƙarƙashin dutse. Kamanninsa na buzuzu ne, amma ba shi da alaƙa da mirgina kashin shanu. Shi siriri ne, ƙafafunsa na gudu ne, bayansa yana da murfi mai tauri da zane-zane a tsaye kamar kunyoyin gona, a gabansa kuma akwai muƙamuƙai biyu masu kama da awartaki. Danginsa su ne Carabidae, kuma yawansu ya haura iri 40,000, watau sun ninka dangin zanzaron ƙasa har sau takwas. Mu kira shi buzuzu mafarauci. Da yawa daga cikin manyansu ba sa iya tashi, murfin bayan nasu ma a haɗe yake, sai dai abin da suka rasa a fiffike sun same shi a ƙafa.

Shi ba ruwansa da dabarar ajiye nama, ba kuma don 'ya'ya yake fita ba. Akasari yini yake yi a ɓoye ƙarƙashin dutse ko gungume ko tarin kara, in dare ya yi ya fito ya bi gona, duk abin da ya ci karo da shi mai taushin jiki ya zama nasa. Tsutsa, gara, ƙwayayen ƙwari, dodon koɗi, tana, ba ya zaɓe. Yakan danƙe abu da awartakin nan ya yaga, wasu irin kuma su amayar masa da wani ruwa mai narkar da nama sa'an nan su tsotse. Akwai waɗanda kan ci kwatankwacin nauyin jikinsu a kwana guda. Macen takan zuba ƙwai a cikin ƙasa ta wuce, tsutsotsin da za su fito kuwa su ma mafarauta ne tun daga ranar farko, suna bin ƙarƙashin ƙasa suna cin abin da iyayensu ba sa kai wa gare shi. Har ila yau akwai wasu ƙananan iri da ke cin 'ya'yan ciyawa, watau suna rage wa manomi noman baɗi tun bana. Shi Fabre ɗin nan ya ajiye irin na ƙasarsu masu ruwan zinariya a cikin akwati, ya zuba musu tsutsotsi masu yawa, abin da ya gani ya sa ya kwatanta wurin da manyan mayankan birnin Shikago na Amurka.

To, amma wanda ba shi da fiffike kuma ba shi da ƙari, da me zai kare kansa daga tsuntsu da ƙadangare da kwaɗo? Kusan dukkansu suna da wasu 'yan jakunkuna biyu a ƙarshen ciki da ke tara ruwa mai wari ko mai ƙuna. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ɗaya da hannu ya san warin ba ya fita da wuri. Shahararren masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya ɗanɗana abin a bakinsa tun yana ɗalibi a Kambirij. Ya ɓare ɓawon itace ya ga guda biyu, ya riƙe ɗaya a kowane hannu, sai ga na uku wanda ba a cika samu ba. Don kada ya rasa shi sai ya jefa na hannun dama a baki. Nan take ƙwaron ya watsa masa ruwan nan a harshe, ya tofar, ya rasa shi, ya kuma rasa na ukun.

A ƙasashenmu na sarari da rairayi akwai manya da ake kira Anthia, baƙaƙe masu ɗigo-ɗigon fari ko rawaya, tsawon wasu ya kai ɗan yatsa. Waɗannan su ne ya kamata malam ya gargaɗi yara a kansu. In an matsa musu sukan ɗaga baya su feso ruwa mai ƙuna, irin wanda ke jikin wasu tururuwa, har nisan santimita 30 ko fiye, kuma fuska suke nufa. In ya shiga ido akwai raɗaɗi mai tsanani. Tsoron da namun daji ke yi musu ya kai har wani ya mai da shi garkuwa. A 1977 wasu masana biyu, Raymond Huey da Eric Pianka, suka bayyana wani ƙadangare na hamadar Kalahari wanda 'ya'yansa baƙaƙe ne masu ɗigon fari, suna tafiya a ƙage da baya a gantsare, sak irin tafiyar wannan ƙwaro. Sai sun girma sun wuce girmansa suke komawa launin rairayi, su kama tafiya irin ta ƙadangaru.

Sai kuma mai bindiga, wanda shi ma ɗan gidan ne, kuma akwai shi a nan Afirka, musamman wurare masu damshi. Shi ruwa iri biyu yake tarawa a jaka, ɗaya daga ciki irin ruwan nan ne mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a asibiti, sai dai nasa ya fi ƙarfi ƙwarai. In aka taɓa shi sai ya tura ruwan cikin wani ɗan ɗaki mai kaurin bango, inda wasu sinadarai ke sa shi tafasa nan take, ya fito da ƙara da tururi a zafin digiri 100, watau zafin tafasasshen ruwa. Ba a zube yake fitowa ba, a tsittsinke yake, kamar sau 500 cikin daƙiƙa guda. Wani masani mai suna Thomas Eisner ya ɗauki hotunan wani irin na Afirka, ya nuna yana iya juya bakin bindigar kusan kowace fuska, har ta saman bayansa. A 2018 kuma wasu masana a birnin Kobe na Japan suka ba kwaɗi irin na ƙasarsu suka haɗiye. Sai aka riƙa jin ƙarar harbi daga cikin kwaɗon, kuma 43 cikin 100 na ƙwarin an amayo su da ransu, wani bayan minti 12, wani har bayan minti 107.

To, yara, wa zai ka da wani? Amsar ba za ta yi muku daɗi ba, domin kusan ba sa haɗuwa. Ita da rana take aiki, shi akasari da dare. Ita in ba gizo-gizo ba ne ko kallo bai ishe ta ba, kuma ƙarin nata an yi shi ne don laushin cikin gizo-gizo, ba don sulke irin na buzuzu ba. Shi kuma ba zai iya kama mai fiffike da ke tashi ta bar shi a ƙasa ba. In kuka kulle su cikin kwalba ɗaya, abin da ya fi yiwuwa shi ne kowa ya yi ta neman hanyar fita, mai riƙe da kwalbar kuma shi ne zai sha harbi ko feshi. Kada ku gwada.

Tambayar da ta fi wannan ita ce, wanne ne ke yi wa manomi aiki? A ganina a nan ba a yi kunnen doki ba. Zanzaron ƙasa abin kallo ce, amma abin da take kashewa shi kansa ma'aikacin gona ne. A 2017 wasu masana biyu na Turai suka ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya suna cin tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a kowace shekara. Ke nan duk gizo-gizon da ta binne, an rage mai gadi ɗaya. Ba na cewa a kashe ta don haka, domin gizo-gizo guda take kamawa ga kowane ɗa, ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, tana kuma ɗan taimakawa wajen barbarar furanni, har ma a Afirka ta Kudu an sami wasu tsirrai dangin tumfafiya da suka dogara da ita. Ganinta a lambu ma alama ce cewa wurin yana da rai, tunda ba ta zama inda babu gizo-gizo. Amma in ana zancen wanda ke rage tsutsa kowane dare, tun daga shuka har girbi, shi da 'ya'yansa, ba kuɗin ƙodago ba abincin rana, to wannan baƙin da ke ƙarƙashin dutse ne.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. Tun daga 1905 Amurkawa suka riƙa ɗauko wani iri mai suna Calosoma daga Turai suna saki a jihar Masacusets, domin ya hau itatuwa ya ci wata tsutsa da ke cinye musu ganyen daji. Akwai 'yan'uwansa a nan Afirka, su ma tsutsa ce abincinsu. Wannan ya kawo mu ga tsutsar nan ta masara da ta ƙetaro daga ƙasashen Amurka, wadda aka fara gani a Afirka ta Yamma a 2016, ta kuma yi mana mummunar ɓarna a nan Ghana a 2017. Kowa ya san yadda take ɓuya cikin zuciyar masara, inda sabon ganye ke fitowa, wurin da magani ba ya cika isa. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, in ta ƙoshi saukowa take yi ta nutse cikin ƙasa, zurfin santimita 2 zuwa 8, ta kwanta kwana takwas ko tara a lokacin zafi kafin ta fito da fukafukai ta sake zuba ƙwai. A wannan saukowa da kwanciya ba ta da kariya, kuma a nan ne take faɗawa hannun buzuzu mafarauci da tururuwa da sauran masu sintirin ƙasa. Ba za su gama da ita su kaɗai ba, kada wani ya ce na ce a jefar da famfon feshi. Amma duk wadda suka ci, ɗaruruwan ƙwai ne ba za a zuba ba.

Matsalar ita ce yawancin magungunan da ake sayarwa a kasuwa ba sa tambayar sunan ƙwaro. Mai lambu ya ga rami biyu a ganyen kabeji, sai ya haɗa magani ya wuce ƙa'ida, ya yi wa ganye da ƙasa wanka. Tsutsa tana cikin ɓoyonta, wadda ta mutu ma wata za ta zo a sama cikin mako guda ta maye gurbinta, domin uwarta mai fiffike ce, kuma cikin wata ɗaya take kammala zagayen rayuwarta. Shi kuwa buzuzu a ƙasa yake tafe, manyan irinsa sau ɗaya suke haihuwa a shekara, in an share su daga fili sai an daɗe kafin wasu su tako daga wani wuri. Daga nan sai mai lambu ya ga tsutsa ta dawo fiye da da, ya ce magani ya rage ƙarfi, ya ƙara wani. Kuɗin da ya kamata ya shiga aljihu sai ya ƙare a shagon mai magani.

Abu na biyu shi ne wuta. Dattawanmu ba su manta gobarar daji ta 1983 ba, wadda ta haɗu da fari ta cinye gonakin koko da na abinci, kuma tun 1990 akwai dokar da ta hana ƙunar daji barkatai. Duk da haka da zarar hunturu ya kama sai ka ga an cinna wa fili wuta don a kama gafiya biyu. A cikin wannan busasshiyar ciyawa da kara ne waɗannan ƙwari ke fakewa su ƙetare rani. A Ingila, tun wajen ƙarshen shekarun 1980, aka fara yin wata doguwar kunya a tsakiyar manyan gonaki, a shuka mata ciyawa mai tushe a bar ta ba noma ba feshi, musamman don buzuzu mafarauci ya sami wurin kwana, da bazara ya bazu cikin alkama. Mu kuwa muna da irin wannan tun kaka da kakanni ba tare da mun ba ta suna ba. Gambar da ake bari a kan iyakar gona don zana da jinka, da jerin duwatsun da manoman arewa da na Burkina Faso ke yi don tare ruwa, duk gidaje ne gare shi. A yanki gamba a bar tushenta, kada a ƙone. A lambu kuma a shimfiɗa kara ko busasshiyar ciyawa tsakanin kwamai, ƙasa ta riƙe damshi, shi ma ya sami inuwa. In feshi ya zama dole, a nemi shawarar malamin gona, a bi awon da aka rubuta a jikin kwalba, a nufi inda tsutsar take, a bar bakin gona.

Saboda haka, malam, kada a fesa komai a lambun makaranta saboda waɗannan biyu. A koya wa yara su kalla da ido, hannu a baya, kuma su sa takalmi. Wanda zanzaro ta harba a sa masa ruwan sanyi ko ƙanƙara a wurin, amma in aka ga fuska ko leɓe na kumbura, ko numfashi na yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran komai ba. Wanda aka fesa wa ruwa a ido kada ya murza, a yi ta zuba masa ruwa mai tsabta na kamar rubu'in awa, sa'an nan a kai shi a duba. Kada a ɗiga masa wani abu dabam.

In kuma ana so yara su ga abin da ke yawo a lambunsu da dare, ga hanyar da masana kansu ke bi. A sami kofin roba mai santsin ciki, a tona rami a binne shi har bakinsa ya yi daidai da ƙasa, a jefa ɗan ganye a ciki, a ɗora fala-falan dutse a kan 'yan tsakuwa daga sama don kada ruwan sama ya cika shi. A binne biyar a inda aka shimfiɗa kara, biyar a fili ƙwal, in akwai gonar da aka yi wa feshi kwanan nan a roƙi mai ita a binne biyar a can. Da sassafe a duba, a ƙidaya, a rubuta, a juye su a inda aka same su ba tare da an sa hannu ko an kusantar da fuska ba. A yi haka mako guda, a aiko mana da lissafin, za mu buga shi a wannan fili.

A wata mai zuwa za mu duba yadda ake adana albasa don kada ta ruɓe kafin kasuwa ta yi kyau.